Tambayi Mai Lantarki: Siris, Faralel Da Ekstenshin Ɗin Da Ya Narke

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a wuri ɗaya suka taru, maganar siris da faralel, daga ɗan makaranta har mai shago har uwargida. Na jera su ne yadda amsar farko zata buɗe maka na bayanta, toh dan Allah ko taka tambayar tana can ƙasa ka daure ka faro daga sama.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan SS3 ne ina shirin WAEC, wallahi fiziks wajen lantarki ya tsaya min a wuya, na haddace V = IR amma da zarar an zana siris da faralel sai kaina ya kulle. Ga wata da aka bamu: batir mai bolt 18, da resisto biyu, om 6 da om 3, a nemo karent in an haɗa su siris, sannan in an haɗa su faralel. A taimaka min.
Ɗalibi daga Gwallameji, Bauchi

AMSA: Ɗana Allah ya bada sa'a. Ajiye haddar tukunna, ka kalli tankin ruwan da ake ɗorawa a sama kusa da bohol. Iya tsayin da aka ɗaga tankin iya ƙarfin da ruwa zai turo, wannan turin shi ne boltej, da bolt ake auna shi. Yawan ruwan da yake bi ta cikin bututu a duk sakan ɗaya shi ne karent, da am ake auna shi. Ƙuncin bututun da yake hana ruwan wucewa yadda yake so shi ne turjiya, wato resistans ɗin da kuke cewa a aji, da om ake auna ta. Abinda Georg Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe, ya wallafa a 1827 kenan: ka ƙara turi karent ya ƙaru, ka ƙara turjiya karent ya ragu. Karent daidai yake da bolt a raba da om, shikenan.

Toh a siris hanya ɗaya ce tal, wuta ta fita daga batir ta ratsa om 6 sannan ta ratsa om 3 ta koma, ba inda zata kauce, don haka karent ɗin da ya bi ta farko shi ɗin dai ne zai bi ta biyu. Turjiyar sai ta taru, 6 da 3 ya zama 9, ka raba 18 da 9 ka samu am 2. Abinda ake rabawa a nan bolt ne: om 6 sau am 2 ya ci bolt 12, om 3 sau am 2 ya ci bolt 6, ka haɗa su ka ga sun koma 18 cif. In ka haɗa baka samu 18 ba, ka koma ka duba lissafinka tun kafin ka miƙa takarda.

A faralel kuma kowace resisto ƙafafunta biyu suna manne da batir kai tsaye, kowacce tana ganin bolt 18 ɗinta cikakke ba wanda ya rage mata. Sai ka lissafa kowacce ita kaɗai kamar ɗayar bata nan: 18 a raba da 6 am 3, 18 a raba da 3 am 6, batir yana fitar da am 9 kenan gaba ɗaya. Turjiyar duka kuwa 18 a raba da 9, om 2. In guda biyu ne kana iya ninka su ka raba da jimlarsu, 6 sau 3 a raba da 9, om 2 dai zai baka. Kaga ta fito ƙasa da ƙaramar cikinsu ma, kuma haka take kullum, domin duk hanyar da ka ƙara buɗewa sauƙin wucewa ka ƙara wa wutar. Yara da yawa a nan suke faɗuwa, suna ganin ai tunda an ƙara resisto dole turjiya ta ƙaru.

Ga wani abu da nake so ka riƙe da kyau don zamu dawo kansa a ƙasa. Wat shi ne bolt sau am. A siris ɗin nan om 6 tana cin wat 24, om 3 tana cin wat 12, wato mai turjiya da yawa ita ta fi ɗaukar zafi. A faralel abin ya juye, om 6 tana cin wat 54, om 3 tana cin wat 108. Shi ya sa in aka tambaye ka kwan fitila mai wat 60 da mai wat 100 an haɗa su siris wanne zai fi haske, amsar mai 60 ne, don shi ya fi turjiya.

TAMBAYA: Injiniya ina da shagon cajin waya da ɗan firiza na ruwan sanyi. Na sayi batir biyu na sola, kowanne 12V 200Ah, mai haɗa min yace siris zai yi, wani abokina kuma yace kar na yarda, faralel ya fi daɗewa don zai bani 400. Wa ke da gaskiya? Sannan ina da wani tsohon batir na shekara biyu, zan iya ƙara shi a ciki?
Mai shagon caji, Tudun Wada, Gombe

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya sa albarka a kasuwa. Abokinka ya ga 400 ya fi 200 yawa sai ya tsaya a nan, bai ƙarasa lissafin ba. In ka haɗa su faralel, jan kai da jan kai, baƙi da baƙi, bolt yana nan 12 amma ƙarfin ajiya ya zama 400Ah. In ka haɗa siris, jan kan wannan zuwa baƙin wancan, bolt ya zama 24 ajiya tana nan 200Ah. Yanzu ninka: 12 sau 400 ya baka 4800, 24 sau 200 ma 4800. Wutar da ke cikin batiran ɗaya ce, haɗi baya ƙara maka ko ɗigo. Kuma irin waɗannan masu ruwa, in kana son su yi maka shekaru, kusan rabin wannan adadin zaka riƙa sha ka bar musu sauran.

Wanda zai raba gardamar inbatarka ce, duba jikinta. In an rubuta 24V toh siris dole, ka bata 12 ba zata ma tashi ba. In 12V ce kuma ka kuskura ka bata 24 ka ƙona ta nan take. Amma in baka riga ka saya ba ni 24 zan baka shawara, ga dalili. A ce kayan shagonka suna jan wat 1200. A bolt 12 wayar batir zata ɗauki am 100, a bolt 24 kuwa am 50 kacal, kuma zafin da waya take yi ba daidai da karent yake hawa ba, karent sau karent ne sau turjiyar wayar, don haka in ka rage karent da rabi zafin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Am 100 ba wasa bane, sai waya mai kauri sosai, kuma in ka ga shagon da wayar batir take ɗumi kamar an ajiye ta a rana toh kuɗin mai shagon ne suke tafiya a zafi.

Maganar tsohon batir kuwa, dan Allah kar ka yi. A siris karent ɗaya ne yake ratsa su duka, tsohon da ajiyarsa ta ragu shi zai riga cika, caja kuma jimla kawai take gani bata san waye ya ƙoshi ba. Zaka iya sa mita ka ga jimla 28.8 lafiya lau, amma in ka auna su ɗaya bayan ɗaya ka tarar wannan yana 15.3 wancan yana 13.5, tsohon yana ta tafasa ruwansa yana ƙonewa, sabon kuma bai taɓa cika ba. Da dare kuma tsohon zai riga ƙarewa inbata ta fara ƙara alhali sabon da sauran wuta a cikinsa. A faralel ma ba tsira, sabon ne zai riƙa ɗura wa tsohon. Ka ware tsohon ka sa masa fitilun DC, wato masu shan wutar batir kai tsaye, ko fanka ƙarama shi kaɗai, zai yi maka amfani a haka.

Tunda mun zo nan bari na ƙara maka na fanel, don nasan nan gaba zaka tambaya. Su ma a siris bolt ne yake taruwa. Juya bayan fanel akwai takarda, nemi inda aka rubuta Voc, wato bolt ɗin fanel in ba'a jona masa komai ba, in misali 40 ne ka jera uku siris ka samu 120, in kwantirolarka, wato na'urar da ke tsakanin fanel da batir, iyakarta 100 ce ka kashe ta. Kuma ka bar rata, domin fanel bolt ɗinsa hawa yake da sanyi, safiyar hunturu ta fi tsakar ranar bazara bada bolt. Inuwa ma haka, reshen dalbejiya ko tankin maƙwabci ya rufe fanel ɗaya a jerin siris sai ya ja sauran ƙasa, ga ƙurar hunturu da take kwanciya a kansu, a riƙa gogewa da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Sannan a sa fis kusa da kan batir, ɗakin batir ya samu iska don masu ruwan nan suna fitar da iskar haidirojin in suna caji, kuma kar a ajiye sifana a kansu.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ranar nan na jona butar lantarki da dutsen guga a ekstenshin ɗaya, firiza ma a nan take, can sai na ji ƙauri, ina dubawa robar ta narke wajen da filogin butar yake har ta yi baƙi. Allah ya tsare yara basa kusa. Maigida yace wuta ce aka kawo da ƙarfi, amma fitilu da talabijin ba abinda ya same su. Meye ya jawo?
Uwargida daga Fadamar Mada, Bauchi

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara tsarewa, kuma kin yi tunani mai kyau da kika lura da fitilun. Da wuta ce ta zo da ƙarfi, su kwan fitila da caja da talabijin su zasu fara tafiya. Wannan lodi ne ya yi yawa.

Duk kayan gida faralel ake haɗa su, shi ya sa kina kashe fitilar falo ta ɗaki bata mutuwa, kuma kowane soket yana bada bolt 230 ɗinsa. Ramukan ekstenshin ma faralel ne. Amma kin ga abinda na gaya wa ɗalibin can a sama, a faralel karent taruwa yake, kuma duk abinda ya taru ta waya ɗaya zai bi, wato igiyar ekstenshin ɗin zuwa bango. Buta mai wat 2000 tana jan wajen am 8.7, dutsen guga mai wat 1200 yana jan am 5.2, kin ga mun kusa am 14 tun ba'a sa firiza ba, ita kuma duk sanda injinta zai tashi sai ta fizgi ninkin abinda take ci har sau da yawa na ɗan lokaci. Filogin nan namu mai ƙafa uku iyakarsa am 13 ne, kusan wat 3000 kenan, wannan ma in ekstenshin ɗin na kirki ne. Da yawan na araha in kika yanka igiyar zaki ga roba ce mai kauri, wayar ciki 'yan siraran zare ne da basu fi ki ƙirga su da ido ba. Waya mai kaurin milimita sikwaya 0.75 am 6 aka yi ta ta ɗauka, buta kaɗai ta fi ƙarfinta.

Amma me ya sa wajen filogin butar ne ya narke ba wani wuri ba? Nan ne siris ya shigo. In ramin soket ya saki, ƙarfen ciki baya kama ƙafar filogi da kyau ko ya yi tsatsa, wurin ya zama wata 'yar turjiya da take jere da butar, duk karent ɗin butar sai ya ratsa ta. A ce rabin om ce kawai. Am 8.7 na butar sau 8.7 sau rabi, kusan wat 38 kenan na zafi a wurin da bai kai girman ƙwayar wake ba, a cikin roba. Zafin ya ƙara sakin ƙarfen, sakin ya ƙara zafi, haka har ta kama. Wallahi wannan abin yana damuna ƙwarai, don irinsa ne yake tashi cikin dare a shago bayan an kulle an tafi gida, an ɗauke wuta an manta hita a jone, a dawo da ita ƙarfe biyun dare ba kowa.

Abinda zaki yi: wancan ekstenshin a jefar, kar a naɗe shi da salatif a cigaba. Buta, dutsen guga, hita da hotfilet kowanne ya shiga soket ɗin bango kai tsaye, firiza ma ta samu nata. Ekstenshin na caja ne da talabijin da fanka. In kin jona abu mai nauyi, bayan minti biyar ki taɓa bayan filogin, ɗan ɗumi ba komai, amma in har kin janye hannu toh a kashe a kira mai gyara. Kuma ki sa maigida ya buɗe filogin ya duba ko akwai fis na gaske a ciki. Fis siris yake da kayan, an yi shi ne ya zama shi zai fara tsinkewa kafin waya ta yi zafi, masu cire shi su naɗa waya ko takardar sigari sun cire mai gadin gidan ne gaba ɗaya.

TAMBAYA: Oga ni yaron shago ne ina koyon wayarin. Me ya sa fitilun gidanmu suke lumshewa duk sanda aka tada sumo ko mai walda na layinmu ya fara aiki, bayan ance faralel kowa bolt ɗinsa daban? Kuma na sa mita a soket don in auna am sai ta yi tartsatsi ta mutu.
Mai koyon sana'a daga Azare

AMSA: Ƙanina tambayarka ta nuna kana tunani a kan aikin. Gidaje da kayan cikinsu faralel suke, gaskiya ne, amma dukkansu siris suke da wayar da ta taso daga taransifoma, ita ma wayar tana da tata turjiyar, balle in ta yi nisa ko siririya ce ko an yi mata ƙulle-ƙulle a hanya. A ce turjiyar layin zuwa da dawowa om 2 ce. In am 1 ake ja bolt 2 ne ya faɗi a hanya, ba wanda zai lura. In aka ja am 15 bolt 30 ya tafi, 230 ta koma 200. Mota, wato injin da wuta ke juyawa, irin ta sumo kuma lokacin tashi tana iya jan ninki biyar ko shida na abinda take ci in ta daidaita, shi ne lumshewar da kake gani na sakan ɗaya ko biyu. Abinda mutane suke kira lo karent ma asalinsa bolt ne ya faɗi, kuma firij da sumo sun fi kowa shan wahalarsa don injin yana kasa juyawa ya tsaya yana jan wuta yana zafi har kwayil ya ƙone. In wuta ta yi ƙasa sosai a kashe su ya fi.

Mitarka kuma kai ka haɗa mata shot da hannunka. Bolt ana auna shi ne faralel, ka ɗora tsinke biyu a kan wurare biyu, kuma a wannan saitin mita tana da turjiya mai yawan gaske don kar ta ja komai. Am kuwa siris ake auna shi, sai ka yanke hanya ka sa mita a tsakani wutar ta ratsa ta, don haka a wannan saitin cikinta kusan waya ce miƙaƙƙiya. Ka ɗauki wannan ka soka a layif da nutural, wato wayar da ke kawo wuta da wadda ke mayar da ita, me kake jira? Buɗe bayanta ka duba, in ka yi sa'a fis ɗin ciki ne kawai ya tafi. In ka tara kuɗi ka sayi mai baki irin ta matsewa, ka rungumo waya ɗaya tak da ita ba sai ka yanke komai ba, in ka haɗa layif da nutural a bakin tare sifili zata nuna maka. Kuma duk sanda ka gama auna am ka mayar da jan tsinken ramin bolt nan take, kafin ka ajiye ta.

TAMBAYA: Malam yarana ne suka tambaye ni na rasa amsa, wai me ya sa tsuntsu yake sauka a kan wayar lantarki wuta bata jansa?
Malamar firamare daga Kumo

AMSA: Malama a gaida yaran. Wuta bata ratsa abu sai akwai bambancin bolt tsakanin gefensa biyu. Tsuntsu ƙafafunsa biyu a kan waya ɗaya suke, tazarar 'yan yatsu, bolt ɗin nan da na can kusan ɗaya ne, ga wayar ta fi jikinsa sauƙin bi nesa ba kusa ba, sai wutar ta yi tafiyarta. Jemage kuwa da yake da faɗin fiffike yakan taɓa waya biyu lokaci guda, shi ya sa ake ganinsu a maƙale sun bushe.

Mutum a ƙasa yake tsaye, in ya taɓa layif jikinsa ya zama hanya daga 230 zuwa ƙasa. Busasshiyar fata tana da turjiya sosai, amma jiƙaƙƙen jiki yana iya saukowa wajen om 1000, ki raba 230 da 1000 ki samu kusan rubu'in am ɗaya, wato miliam 230, alhali na'urar kariya da ake sawa a gida don ceton rai a miliam 30 take yanke wuta. Ki gaya musu kar su taɓa soket ko firij da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmi, kar su kusanci wayar da ta faɗo ƙasa musamman da damina ko da an ɗauke wuta, kuma in sun ga wuta ta kama wani kar su riƙe shi, su ruga su kashe daga babban makunni ko su kira babba ya ture shi da busasshen katako. Hita ɗin nan da ake tsomawa a bokiti kuma a cire ta daga soket kafin a sa hannu a ji ko ruwan ya yi zafi.

Masu tambaya kan sitabilaiza da canjin layi tsakanin janareta da wutar gari, saƙonninku sun iso, su zamu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kaimu. Wanda zai turo tambayar sola dan Allah ya haɗo da abinda aka rubuta a jikin inbata da batir da bayan fanel, da jerin kayan da yake son kunnawa da wat ɗin kowanne.